KAMUN ƘAFA DA AMANAR JAMA'A: DARASI DAGA SIMINTIN KALAMBAINA

Muna farawa da sunan Allah, Wanda babu abin da ke ɓuya gare Shi, muna kuma yin salati ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi magana a kan wata al'ada wadda kowa ya san ta, amma ba a cika kawo ta a filin wa'azi ba, watau kamun ƙafa. Mutum ne ke da bukata wurin hukuma, ko kwangila, ko fili, ko lasisi, ko rangwamen haraji, sai ya nemi wani mai fada a can ya shige masa gaba. A Amurka da Turai abin ya zama sana'a sosai, da ofisoshi da ma'aikata, har hukumomin can suka kafa dokokin da suka tilasta wa masu wannan sana'a su rubuta sunayensu, su faɗi wanda ya aiko su, da abin da suke nema, da ladan da aka biya su. Tambayarmu ita ce, shin mu ma muna bukatar irin wannan doka? Me kuma addininmu ya ce? Domin kada maganar ta tsaya a sama, za mu ɗaura ta a kan abin da 'yan kasuwa da ma'aikata suka sani, watau buhun siminti.

KALAMBAINA

Duk wanda ya fita bayan garin Sakkwato ta yamma ya san Kalambaina, ko da ta jerin manyan motocin da ke jiran lodi. Allah Ya albarkaci ƙasar wurin da dutsen farar ƙasa wanda da shi ake yin siminti. Saboda haka aka kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Nijeriya a shekarar 1962, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya kuma fara aiki a 1967 da ƙarfin yin ton 100,000 a shekara. A 1985 aka buɗe sabon sashe mai ƙarfin ton 500,000. A shekarar 2000 Gwamnatin Tarayya ta sayar da hannun jarinta, kamfanin Scancem na ƙasar Nowe ya karɓi ragama. A 2008 babban rabon ya koma hannun kamfanin Damnaz, a 2010 kuma ya shiga hannun kamfanin BUA na Alhaji Abdussamad Rabi'u. A watan Yuli na 2018 aka buɗe sashe mai ƙarfin ton miliyan 1.5, kana a watan Janairu na 2022 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya buɗe wani mai ƙarfin ton miliyan 3.

Tun da wuri muna so a fahimce mu. Ba mu kawo wannan tarihi don mu tuhumi wani kamfani ko wani mutum ba. Mun kawo shi ne don mai karatu ya lura da abu guda: babu gaɓa ko ɗaya a cikinsa da ba sai da wani ma'aikacin hukuma ya sa hannu ba. Iznin haƙar dutse daga Gwamnatin Tarayya yake fitowa. Sayar da hannun jari hukuma ce ta yanke. Ko a bar simintin waje ya shigo ko a hana, ko a ɗora masa kuɗin fito ko a sassauta, duk a ofis ake yankewa. Sa hannu ɗaya a Abuja yana iya raya masana'anta ko ya kashe ta, yana iya sa malamin makaranta ya rufa ɗakinsa bana ko ya bar ginin a tsaye damina ta cinye. To, inda sa hannu ya kai wannan daraja, tilas a sami masu zarya wurin mai alƙalamin. Wannan ba abin mamaki ba ne. Abin tambaya shi ne, wa ya san su?

JIRAGEN SIMINTI NA 1975

Manyanmu ba su manta da abin da ya faru a tashar jiragen ruwa ta Ikko ba. A tsakanin 1974 da 1975, lokacin da kuɗin man fetur ya yi ambaliya, ma'aikatun gwamnati suka yi odar siminti wajen ton miliyan 20 daga ƙasashen waje, miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro ne, alhali kuwa tashar ba ta iya sauke abin da ya wuce kamar ton miliyan ɗaya a shekara. Idan muka auna da ƙarfin Kalambaina na wancan lokaci, wannan oda aikin shekara 200 ce. Jirage fiye da 400 suka yi cincirindo a bakin teku wata da watanni, kowane ana biyansa dubban daloli kullum kuɗin jira. Siminti ya daskare a cikin wasu, sauran kayan masarufi suka rasa hanyar shigowa, kasuwanni har nan Arewa suka ji a jika.

Da Janar Murtala Muhammed ya hau mulki a watan Yuli na 1975, sai ya kafa kotun bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Belgore, aka kuma yi shekaru ana shari'a da masu kawo kayan a kotunan Ingila da Amurka. Abin lura a nan shi ne, kwangilolin nan ba daga sama suka faɗo ba. Akwai 'yan tsakani da suka kai wannan wurin wancan, suka karɓi la'adarsu, suka yi gaba. Sai bayan ɓarna ta auku aka shiga neman wa ya kawo wa. Da a ce akwai littafin da ake rubuta kowane ɗan tsakani da wanda ya aiko shi tun ranar da ya taka ofis, da wani akawu mai tsoron Allah ya tara lissafi ya ga abin ya wuce hankali tun jirgi na farko bai taso ba.

Haka kuma 'yan kasuwa suna tune da zamanin lasisin shigo da kaya a farkon shekarun 1980, lokacin da wanda bai taɓa sayar da ko allura ba zai sami takarda saboda yana da uwa a gindin murhu, ya juya ya sayar wa ɗan kasuwa na ainihi, shi kuwa ya fanshe a kan talaka. Sai a 1986 aka soke tsarin. A 2002 gwamnati ta ɗaura iznin shigo da siminti a kan sharaɗin kafa masana'anta a gida. Masana'antu sun bunƙasa ƙwarai a bayan wannan, amma har yau masu gini suna kukan tsada, masu masana'anta kuma suna kawo hujjar tsadar makamashi da canjin kuɗi da lalacewar hanyoyi. A watan Fabrairu na 2024 Ministan Ayyuka ya zauna da manyan kamfanonin siminti, aka fito aka shaida wa jama'a cewa an daidaita a kan Naira 7,000 zuwa 8,000 kowane buhu. Ko an cika alkawarin ko ba a cika ba, jama'a sun san wanda ya zauna da abin da aka ce, suna da abin riƙewa. Irin wannan zama muke so ya zama ƙa'ida.

HUKUNCIN ADDINI

Musulunci bai hana mutum ya yi wa ɗan'uwansa magana wurin mai iko ba. Aya ta 85 a Suratun Nisa'i ta nuna cewa mai yin ceto kyakkyawa yana da rabo daga ladansa, mai yin mummuna kuma yana da kaso daga zunubinsa. Saboda haka ƙungiyar 'yan kasuwa da ta je ta bayyana wa majalisa cutar da wani haraji zai jawo, ko dattawan ƙauye da suka je neman a gyara musu rijiya, aikin alheri suka yi.

Amma shari'a ta kafa iyaka uku. Ta farko, kada ceton ya zama don a danne hakki ko a kauce wa hukunci. Mun san yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fushi da Usamatu ɗan Zaidu, duk da irin son da yake masa, sa'ad da ya zo ceton matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata. Ta biyu, kada a sayi mai iko. Aya ta 188 a Suratul Baƙara ta hana miƙa dukiya ga mahukunta don a ci rabon mutane da zalunci. Hadisi ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, a ruwayar Imamu Ahmad kuma an haɗa da na uku, wanda ke kai da kawowa a tsakaninsu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya yi wa wani ceto, aka ba shi kyauta saboda haka ya karɓa, to ya kusanci babbar ƙofa daga ƙofofin riba. Labarin Ibnul Lutbiyya kuwa, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, yana cikin Buhari da Muslim. Annabi ya hau mumbari ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa, da ya gani ko kyautar za ta iske shi.

Iyaka ta uku ita ce ta fi shafar maganarmu, watau ɓoyewa. Aya ta 114 a Suratun Nisa'i ta nuna babu alheri a mafi yawan ganawar asiri, sai wadda aka yi don sadaka ko kyakkyawan aiki ko sulhu. Hadisin Nawwasu ɗan Sam'ana a cikin Muslim ya ba mu ma'auni: zunubi yana damun zuciya, mai shi kuma ba ya son mutane su tsinkaya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Idan bashin da ke tsakanin mutum biyu ya cancanci alƙalami da shaida, ina ga maganar da za ta taɓa aljihun mutum miliyan ɗari biyu? Malaman tarihi, irin su Balazuri, sun kawo cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, yakan rubuta dukiyar gwamna ranar da ya naɗa shi, in ya ga ta ƙaru fiye da ƙima ya raba ta, ya mai da rabi baitulmali.

Mu mutanen wannan ƙasa ba baƙi ba ne ga wannan magana. Shaihu Magili, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ya yi ta nanata haɗarin da ke cikin shugaba ya shige ya bar talakawa a waje. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki a cikin miyagun al'adun da ya yi jihadi a kansu, tare da rufe ƙofa ga mabukata, da fifita maganar wanda ya riga kai kuɗi ko da an san abokin shari'arsa ne mai gaskiya. Hubbarensa yana nan cikin garin Sakkwato, tafiya kaɗan daga Kalambaina. Abin kunya ne a ce jikokin almajiransa sai sun je wata ƙasa kafin su koyi wannan darasi.

YADDA WASU SUKA YI

Duk da haka, hikima kayan mumini ce, ba laifi mu duba dabarar wasu. Amurka ta kafa doka tun 1938 wadda ta tilasta wa duk mai yi wa wata ƙasar waje aikin neman fada ya yi rajista. A 1995 ta kafa dokar bayyana masu kamun ƙafa a majalisa da ma'aikatu, ta kuma ƙara tsananta ta a 2007, bayan wani shahararre a sana'ar, Jack Abramoff, ya amsa laifi a 2006 aka ɗaure shi. Tun daga nan kowane wata uku sai sun kai rahoto. Kanada ta fara nata rajistar a 1989, daga baya ta hana manyan jami'ai shiga wannan sana'a sai sun shekara biyar da barin aiki. Ingila ta yi tata dokar a 2014, Ailan a 2015.

Ga abin da zai ba mai karatu mamaki. Saboda dokar 1938 ɗin nan, duniya ta san cewa a 2014 an ɗauki kamfanin Levick na birnin Washington a kan dala miliyan 1.2 don ya gyara sunan gwamnatin Nijeriya bayan sace 'yan matan Chibok. Watau ɗan Nijeriya yana iya sanin wanda ya yi wa gwamnatinsa magana a Amurka da abin da aka biya, amma ba shi da littafin da zai buɗe ya ga wanda ya yi wa wani kamfani magana a Abuja. Haka nan a kotunan Amurka ne asiri ya tonu cewa kamfanonin da suka sami kwangilar gina masana'antar iskar gas ta tsibirin Bonny, ta fiye da dala biliyan 6, tsakanin 1995 da 2004, sun zuba wa wani lauya na London, Jeffrey Tesler, fiye da dala miliyan 130 don ya isar ga manya a Nijeriya. A takarda sunansa mai ba da shawara. A 2009 kamfanonin KBR da Halliburton suka biya dala miliyan 579, shi kuma aka ɗaure shi a 2012. Wannan shi ne na ukun nan da ruwayar Imamu Ahmad ta ambata, sanye da kwat.

GIƁIN DA KE DOKOKINMU

Ba za a ce ba mu da komai ba. Tsarin Mulki na 1999, kamar na 1979, ya wajabta wa ma'aikaci ya bayyana dukiyarsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, ya kuma ɗauki kyautar da ta fito daga kamfani ko ɗan kwangila a matsayin haramtacciya sai in an tabbatar da akasin haka. Akwai dokar ba da kwangila ta 2007, da dokar 'yancin samun bayani ta 2011 wadda ta ba ofis kwana bakwai ya amsa tambaya, da dokar kamfanoni ta 2020 wadda ta ce a bayyana masu kamfani na ainihi. Amma duk waɗannan suna duban mai karɓa ne ko takardar ƙarshe. Mai zarya a tsakani babu wanda ya tambaye shi. A 2016 Sanata Dino Melaye ya kawo shirin dokar yi wa masu kamun ƙafa rajista, ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa, amma majalisar ta ƙare wa'adinta a 2019 bai zama doka ba.

A ganinmu, dokar da za ta yi amfani sai ta ƙunshi abu biyar. Na ɗaya, duk wanda ake biya don ya nemi a sauya doka ko a ba da kwangila, lasisi ko rangwame, ya rubuta sunansa da na wanda ya aiko shi da ladansa. Na biyu, minista da kwamishina da babban sakatare da shugaban kwamitin majalisa su riƙe littafin baƙi, a buga shi kowane wata uku. Na uku, kowane rangwamen haraji ko na kuɗin fito a bayyana wanda ya samu da dalili. Na huɗu, babban jami'i ya dakata wasu shekaru kafin ya karɓi aiki a kamfanin da ya kasance yana sa wa ido. Na biyar, duba littafin ya zama kyauta, a fassara shi da harsunanmu, a karanta a rediyo. Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato tana iya fara wannan a kan ma'aikatun jiha, ba sai ta jira Abuja ba.

MASU JA DA MAGANAR

Wani zai ce, ai addini ya yi umurni da rufin asiri. Gaskiya ne, amma asirin da aka ce a rufa shi ne laifin mutum tsakaninsa da Ubangijinsa. Dukiyar jama'a amana ce, mai amana kuwa yana da hakkin ya san yadda aka yi da ita. Annabi da kansa, da wasu Ansaru biyu suka gan shi da dare tare da wata mace, sai ya tsai da su ya shaida musu cewa matarsa Safiyya ce, don ya toshe ƙofar zato. Ma'aikaci mai gaskiya shi ya fi kowa cin ribar littafin nan, domin shi ne zai wanke shi ranar da aka yi masa ƙazafi.

Wani kuma zai ce, ai manyan maganganu ba a ofis ake yin su ba, a gida ake yi bayan sallar lisha, ko wurin ɗaurin aure da ta'aziyya. Wannan ma gaskiya ne, kuma ko a Amurka dokar ba ta hana kuɗi yin tasiri ba. Amma idan doka ta ce a rubuta, to rashin rubutawar kansa ya zama laifin da ake iya kamawa, alhali rashawa wuyar tabbatarwa gare ta. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Akwai kuma tsoron kada ofishin rajistar ya zama wata sabuwar ƙofar karɓar na goro, ko a matsa wa talakan da ya raka ƙanensa neman aiki. Maganin wannan shi ne a tsai da dokar a kan masu karɓar lada da manyan bukatu, a bar talaka da ƙungiyar unguwa su shiga su fita ba tare da takarda ba.

KAFIN DOKA TA ZO

Ya ɗan'uwa ma'aikaci, ba sai majalisa ta zauna za ka buɗe littafi a teburinka ba. Mai bukatar ofis ka gan shi a ofis, da abokin aiki a zaune. Buhunan shinkafa ko na siminti da aka sauke a ƙofar gidanka, ka tambayi kanka ko za a sauke su bayan ka yi ritaya. Ka tuna kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Ya ɗan'uwa ɗan kasuwa, ka kai kukanka ta ƙungiyarku, a rubuce, da rana tsaka. In ka ɗauki wakili, ku rubuta aikinsa da ladansa, ka kuma tambaye shi inda kuɗin za su. Wasu malamai sun yi rangwame ga wanda aka tsare wa hakkinsa, ba shi da wata hanya sai ya bayar, suka ce zunubin yana kan mai karɓa. Amma wannan rangwame bai shafi mai neman a ba shi abin da yake na wani ba, ko mai son a tsallake da shi layi. Abin da ka bayar a ɓoye a kan kaya za ka ɗora shi, mai ginin ɗaki ɗaya da kwamitin masallacin unguwa su za su biya.

Malamai da limamai kuma, muna roƙo su sa wannan a huɗuba, su kuma tambayi 'yan majalisar da ke zuwa neman addu'a ina matsayinsu a kan wannan doka.

Allah Ya ba shugabanninmu mashawarta na gari, Ya tsare mu daga cin haram da ciyar da iyalinmu da shi, Ya sa asirinmu ya fi bayyanenmu kyau. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.